Labaran Tashin Yesu Almasihu daga Matattu: Ingancinsu a Tarihi da Saɓanin da Ake Nunawa

Tashin Yesu Almasihu daga matattu shi ne ginshiƙin bangaskiyar Kirista, kuma shi ake tunawa a bikin Ista kowace shekara. Labarinsa yana wurare shida cikin Sabon Alkawari: Matiyu sura 28, Markus sura 16, Luka sura 24, Yohanna sura 20 da 21, farkon Ayyukan Manzanni, da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa sura 15. Muhawara a kan ingancin waɗannan labarai takan cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a raba: shin matanin da ke hannu yau shi ne wanda aka rubuta tun farko, shin ruwayoyin sun dace da juna, sannan me mai binciken tarihi zai iya tabbatarwa da kayan aikinsa. Amsar ɗaya ba ta zama amsar sauran.

Shekarun rubuce-rubucen

An gicciye Yesu a zamanin Bilatus, gwamnan Roma a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36 Miladiyya, kuma galibin masana suna sa abin a shekara ta 30 ko 33. Shaida mafi tsufa ba ta cikin Linjila huɗu, tana cikin wasiƙar Bulus da aka rubuta wajen shekara ta 54. A aya ta 3 zuwa 8 ya ce yana miƙa abin da shi ma ya karɓa: Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sannan ga almajiransa sha biyu, sannan ga mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya, sannan ga Yakubu ɗan'uwan Yesu, sannan ga dukan manzanni, daga ƙarshe ga Bulus kansa. Tsarin jimlolin irin na abin haddacewa ne, shi ya sa masana, masu bi da marasa bi, suke ganin kalaman sun girmi wasiƙar da shekaru masu yawa. A Galatiyawa 1:18-19 Bulus ya ce ya yi kwana 15 tare da Bitrus a Urushalima, ya kuma ga Yakubu. Wanda ya saba da ilimin hadisi zai gane darajar wannan: isnadi ne gajere, mai ruwayar ya sadu da biyu daga cikin waɗanda ya ambata. Sai dai jerin bai faɗi mata ba, bai kuma ambaci kabarin da aka tarar fayau ba.

Linjilar Markus ana sa ta wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yohanna kuma wajen 90 zuwa 100. Duk da Girkanci aka rubuta su, kuma babu wadda marubucinta ya faɗi sunansa a cikin matani. Al'adar Ikilisiya ta ƙarni na biyu ce ta tabbatar da sunayen. Akwai wani abin lura: kusan kashi 90 cikin 100 na ayoyin Markus suna cikin Matiyu, fiye da rabi kuma suna cikin Luka. Saboda haka idan ukun suka haɗu a kan magana, sau da yawa shaida ɗaya ce aka maimaita, ba uku masu zaman kansu ba.

Matanin da ƙarshen Markus

Akwai kwafe-kwafen hannu na Sabon Alkawari da Girkanci kimanin 5,800, amma mafi yawansu na bayan ƙarni na tara ne. Ɗan guntun da ake ɗauka mafi tsufa, mai lamba P52, yana ɗauke da 'yan ayoyi na Yohanna sura 18, yana ajiye a Manchester ta Ingila, kuma ana danganta shi da ƙarni na biyu. Manyan kundaye na farko, Sinaiticus da Vaticanus, na ƙarni na huɗu ne.

Waɗannan kundaye biyu sun tsayar da Markus a 16:8, inda matan suka gudu daga kabarin suna rawar jiki, ba su ce wa kowa komai ba don tsoro. Ayoyi 12 da suka biyo baya, 16:9-20, masu maganar bayyanar Yesu da ɗaukar macizai da shan dafi, ba sa cikinsu. Yusebiyus da Jerom, malaman Ikilisiya na ƙarni na huɗu, sun ce mafi ingancin kwafin da suka gani ba shi da ayoyin. Duk da haka ƙarin tsoho ne, don Ireniyus, wani malamin Ikilisiya, ya kawo aya ta 19 wajen shekara ta 180. Salon Girkancinsa ya bambanta da na sauran littafin, kuma ya sake gabatar da Maryamu Magadaliya kamar ba a ambace ta a farkon surar ba. Galibin masana matani sun yarda wani ne ya ƙara shi daga baya, yana tattaro abin da ke cikin Luka da Yohanna. Wannan ba sirri ba ne da wani ya bankaɗo. Yawancin bugun zamani suna rubuta shi a ƙasan shafi.

Inda ruwayoyin suka rabu

Linjila huɗu sun haɗu a kan cewa Yusufu na Arimatiya ne ya binne gawar, cewa da sassafen ranar farko ta mako, wato Lahadi, an je kabarin, cewa Maryamu Magadaliya tana wurin, an tarar an kawar da dutsen ko an kawar da shi a lokacin, gawar kuma ba ta ciki. Daga nan sai bambanci.

Markus ya lissafa mata uku: Maryamu Magadaliya, Maryamu uwar Yakubu, da Salome. Matiyu ya ce biyu. Luka ya ambaci uku, da Yuwana a madadin Salome, ya ƙara da "sauran mata". Yohanna ya ambaci Magadaliya kaɗai, amma a 20:2 tana cewa "ba mu san inda suka sa shi ba", abin da ke nuna ba ita ɗaya ba ce. Wannan saɓani mai sauƙin warwarewa ne, don wanda ya ambaci mutum ɗaya bai musanta sauran ba. Haka batun lokaci: Yohanna ya ce da sauran duhu, Markus ya ce rana ta fito, masu daidaitawa kuma suna cewa an bar gida da asuba an isa bayan gari ya waye. Kan waɗanda aka gani a kabarin, Markus ya ce saurayi ɗaya mai farar riga, Matiyu mala'ika ɗaya da ya sauko da girgizar ƙasa ya zauna a kan dutsen, Luka mutum biyu, Yohanna mala'iku biyu, ɗaya ta wajen kai ɗaya ta wajen ƙafa.

Mafi wuya shi ne wurin bayyana. A Markus 16:7 da Matiyu 28:7 saƙon shi ne almajirai su tafi Galili, can za su gan shi, kuma Matiyu ya kai su kan wani dutse a Galili. Luka bai ambaci wata bayyana a Galili ba ko kaɗan. A wurinsa komai ya faru a Urushalima da kewaye, har da hanyar Imawus mai nisan kilomita 11, a 24:49 kuma Yesu ya umarce su kada su bar birnin. Tsakanin Urushalima da Galili tafiyar kwana uku ce ko fiye a ƙafa. Masu daidaitawa suna dogara da Ayyukan Manzanni 1:3, inda aka ce bayyanar ta ɗauki kwana 40, suna cewa umarnin zama a birni ya zo ne bayan an dawo daga Galili, kuma Yohanna ya haɗa wuraren biyu. Hakan mai yiwuwa ne, amma wanda ya karanta Luka sura 24 ita kaɗai zai ɗauka duk abin ya gudana a yini guda. Bayanin da ya fi gamsar da masu bincike shi ne kowane marubuci ya tsara labarinsa bisa manufarsa, Luka kuwa duk ginin littattafansa biyu, wato Linjilarsa da Ayyukan Manzanni, a kan Urushalima yake.

Akwai kuma abubuwan da Matiyu kaɗai ya kawo: masu gadin kabari, cin hancin da aka ba su don su ce an sace gawar, da tsarkakan da suka fito daga kaburburansu a 27:52-53. Rashin waɗannan a sauran Linjila ba saɓani ba ne a ma'anar ƙaryata juna, amma abu mai girman haka da ruwaya ɗaya tak ta ɗauko yakan yi rauni a ma'aunin tarihi, har wasu malaman Kirista suna karanta fitowar tsarkakan a matsayin isharar tauhidi.

Rana, sa'a, da kwana uku

Matiyu, Markus da Luka sun nuna jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa shi ne cin abincin Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Yohanna 19:14 ya sa shari'ar a ranar shirin idin, kafin a ci abincin. Duka sun yarda ranar Juma'a aka gicciye shi. Abin da ya bambanta shi ne ko 14 ga Nisan, watan Yahudawa, ne ko 15. An kawo mafita iri-iri, ciki har da cewa ƙungiyoyin Yahudawa suna bin kalanda dabam-dabam, amma babu wadda ta samu karɓuwar kowa. Kan sa'a, Markus 15:25 ya ce an gicciye shi a sa'a ta uku, wajen ƙarfe tara na safe, Yohanna kuwa ya ce wajen sa'a ta shida, tsakar rana, yana gaban Bilatus tukuna. Cewa Yohanna yana ƙirga daga tsakar dare hujja ce mai rauni, don talakawan Roma ma daga fitowar rana suke ƙirga sa'o'i. Abin da ya fi kusa shi ne mutanen da ba su da agogo kintace suke yi da tsayin rana.

Ana yawan tada Matiyu 12:40, mai cewa yini uku da dare uku a cikin ƙasa kamar Yunusa a cikin kifi. Daga yammacin Juma'a zuwa asubahin Lahadi dare biyu ne da cikakken yini ɗaya. Yahudawa suna fara rana daga faɗuwar rana, kamar yadda Bahaushe yake kiran daren Alhamis wayewar Juma'a "daren Juma'a", kuma suna lissafa guntun rana a matsayin rana. A littafin Esta 4:16 an yi maganar azumin kwana uku dare da rana, a 5:1 kuma Esta ta shiga wurin sarki "a rana ta uku". Wannan ya warware "rana ta uku" sarai. "Dare uku" kuwa sai an ɗauke shi salon magana, don lissafi ba ya fitar da shi.

Abin da tarihi ke iya riƙewa

Gicciyen kansa yana da shaida daga wajen Ikilisiya. Tasitus, marubucin tarihin Roma, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ya kashe Kiristi, wato Almasihu, a zamanin Tibariyus sarkin Roma. Yusifus, marubucin tarihi Bayahude, ya ambaci Yesu wajen shekara ta 93, ko da yake masu kwafi Kiristoci sun sa hannu a sakin layin. A 1961 an tono dutse mai sunan Bilatus a Kaisariya. A 1968 an sami ƙasusuwan wani Bayahude da aka gicciye, ƙusa tana cikin ƙashin diddigensa, an kuma binne shi a kabarin dangi a Urushalima. Wannan ya nuna binne wanda aka gicciye yana yiwuwa, daidai da dokar Maimaitawar Shari'a 21:22-23, ko da yake a wasu lardunan Romawa sukan bar gawa a kan itace.

Batun kabarin fayau masana sun rabu a kansa. Masu goyon baya suna cewa mai ƙirƙirar labari a wancan zamani ba zai sa mata su zama shaidun farko ba, tunda shaidarsu ba ta da nauyi a wurin jama'a. Kelsus, wani mai sukar Kiristanci na wajen shekara ta 180, da wannan ya yi musu ba'a. Masu shakka suna nuna shirun Bulus da kuma dogaron da sauran suka yi da Markus. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne wasu almajirai, jim kaɗan bayan gicciyen, sun gaskata sun ga Yesu a raye, har da Bulus da ya fara da tsananta musu. Menene suka gani, nan hanya ta rabu: Kirista ya ce tashi ne na jiki, wasu masana suna cewa wahayi ne irin na mai baƙin cikin rashi. Tsoffin zato na sace gawa ko suma a kan gicciye, waɗanda aka yayata a Jamus a ƙarni na 18 da 19, ba su da mabiya sosai a jami'o'i yau. Ma'aunin tarihi yana auna abin da ya fi yiwuwa bisa yadda duniya ta saba gudana, don haka ba ya iya tabbatar da mu'ujiza, ba ya kuma iya kore ta.

Matsayin Musulunci da muhawarar Zariya

Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 da 158 ya ce ba su kashe Annabi Isa ba, ba su kuma gicciye shi ba, an kamanta musu ne, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Saboda haka saɓanin Musulmi da Kirista yana farawa tun daga ranar Juma'a, kafin a kai ga Lahadi. Jera saɓanin Linjila a matsayin hujja tsohon aiki ne a tsakanin malamai. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya yi shi dalla-dalla. Kiristoci ma sun daɗe da sanin bambancin: Tatiyan ya narka Linjila huɗu ya mai da su labari ɗaya wajen shekara ta 170, amma daga baya Ikilisiya ta zaɓi riƙe huɗun yadda suke.

A Zariya maganar ta samu gindin zama ne da Hausa. Dakta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, ya zauna cikin birni daga 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, kuma aikinsa na fassara ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Tun daga nan mai karatu a Wusasa ko Sabon Gari ko Samaru yana iya buɗe surorin ya gwada su da kansa. Inda muhawarar ɗalibai da masu wa'azi ta fi karkacewa shi ne wurin jingina hujja da Markus 16:9-20 kamar daga asalin littafin take, da ƙirga Matiyu, Markus da Luka a matsayin shaidu uku masu zaman kansu, da kuma ɗora adadin mata da batun Galili a sikeli ɗaya alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne. Masu nazari sukan rubuta ruwayoyin a layuka biyar gefe da gefe, Bulus a farko saboda shi ne mafi tsufa, sai Markus har zuwa 16:8, sannan Matiyu, Luka da Yohanna, a ƙarƙashin kowanne a cika wanda ya je, lokacin da ya je, abin da ya gani, abin da aka faɗa masa, da garin da bayyanar ta auku.