Dinarin Azurfa na Daular Rum

Dinari tsabar kuɗin azurfa ne da Rumawa suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga sunansa kalmar dinar ta Larabci ta fito, sai dai dinarin Larabawa na zinariya ne. A zamanin Sarki Agustas nauyinsa ya kai kusan giram 3.9, azurfarsa kusan zalla, kuma guda 25 ke sayen tsabar zinariya ɗaya.

Fuskar gaba na ɗauke da kan sarki da muƙamansa. Baya kuwa nan ne sarki ke shelar abin da yake so talakawa da sojoji su riƙe. Bayan cin Masar, an buga dinari a shekara ta 28 kafin miladiyya da hoton kada da rubutun AEGVPTO CAPTA, wato an kame Masar. Na Sarki Besfasiyan ya nuna mace zaune ta yi tagumi kusa da makaman ganima, alamar faɗuwar ƙasar Yahudiya. Mafi kyawun gani su ne na tafiye-tafiyen Sarki Hadriyan: an nuna Afirka a siffar mace kishingiɗe, hularta kan giwa har da haure, tana riƙe da kunama. In sarki ya mutu aka ɗaukaka shi zuwa matsayin abin bauta, akan sa mikiya da kalmar CONSECRATIO, wato tsarkakewa.

Da hannu ake bugun. Ana kafa hatimin kan sarki a uwar maƙera, a ɗora ƙwayar azurfa, a aza hatimin baya, a doka da guduma. In ƙwayar ta goce, rabin rubutu ya ɓace. In ta motsa tsakanin duka biyu, hoton ya fito biyu-biyu. Wani lokaci tsabar da aka buga takan manne a hatimin sama, sai ta gaba ta fito da kan sarki a duk fuskokin, ɗaya a lotse. Masu jabu kuma sukan lulluɓe jan ƙarfe da azurfa.

A shekara ta 64 miladiyya Sarki Nero ya rage nauyin zuwa kimanin giram 3.4. A 215 Sarki Karakalla ya fito da sabuwar tsaba mai darajar dinari biyu, alhali nauyinta na ɗaya da rabi ne. A kanta aka buga bikin cikar Rum shekara 1000 a 248, da hotunan zaki da dorina da barewa. Zuwa ƙarshen shekarun 260 azurfar cikinta ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.