Yankin jimla mai nuna shekara a Turanci

A nahawun Turanci, shekara ba ta cika tsayawa ita kaɗai a cikin jimla ba. Sai an jagorance ta da wata ƙaramar kalma mai nuna dangantaka, wadda Turawa ke kira *preposition*, kuma su biyun ne ke haɗuwa su zama yanki guda mai bayyana lokacin da abu ya faru.

Kalmar da aka fi amfani da ita ita ce *in*, kamar a jimlar *The Second World War ended in 1945*, wato Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a shekarar 1945. Ita ce kuma ke zuwa da wata, da ƙarni, da shekaru goma a dunƙule, misali *in the 1990s*. Amma da zarar an ambaci rana, sai *on* ta karɓi aikin, domin ana cewa *in 1960* amma *on 1 October 1960*. Wannan rarrabewa na wahalar da ɗalibi Bahaushe, tunda a harshensa "a" ɗaya ce ke ɗaukar shekara da rana duka. Idan kuwa *last*, *next*, *this* ko *every* suka zo kafin *year*, ba a sa wata *preposition* kafin su.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne wajen *since*, *for* da *by*, saboda zaɓensu yana shafar siffar aikatau da ma'anar jimla gaba ɗaya. *Since* tana nuna mafarin abin da har yanzu bai yanke ba, don haka takan tafi da *has* ko *have*: *Abuja has been the capital since 1991*. Wanda ya rubuta *Abuja is the capital since 1991* ya bi tsarin "tun" na Hausa, kuma malamin Turanci zai ja masa jan biro a nan, ko da yake kowa ya fahimci nufinsa. *For* ba ta ɗaukar takamaimiyar shekara a wannan aikin, adadin shekaru take ɗauka, kamar *for thirty years*. Ita kuwa *by* iyaka take shatawa. Idan aka ce *By 1945 the city had been destroyed*, ana nufin kafin a kai shekarar, ko a cikinta, an riga an rusa birnin, kuma mai magana bai faɗi ainihin lokacin rusawar ba. Marubutan tarihi na yawan dogaro da ita, kuma mai fassara da ya mayar da ita "a shekarar" ya sauya labarin.

Tazara tsakanin shekaru biyu ana nuna ta da *from 1939 to 1945* ko *between 1939 and 1945*, ba a cakuɗa su. A Amurka ana kuma cewa *through 1945* idan ana son tabbatar da cewa shekarar ƙarshe tana cikin lissafi. *During* da *throughout* suna jan hankali ga tsawon shekarar, ta biyun tana nufin daga farkonta har ƙarshe.

Game da muhalli, yankin yakan zo a ƙarshen jimla, sai dai ana iya gabatar da shi idan lokacin ne ke jagorantar labari, kuma sau da yawa akan biyo shi da waƙafi. Yana iya kuma manne wa suna ya fayyace shi, kamar *the War of 1812*, yaƙin da aka gwabza tsakanin Amurka da Birtaniya. A shekarun zamanin da, bisa al'ada *AD* (shekarun bayan haihuwar Annabi Isa) kan riga lamba, *BC* (shekarun kafin haihuwarsa) kuma ta biyo baya: *in AD 1066*, amma *in 44 BC*.