Waiwaye: Yadda Rigimar Buɗe Cikin Manhaja Ta Zama Rigimar Sirrin Kowa

A watan Disambar 2013, hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka, FTC, ta fallasa wata manhajar tocila da miliyoyin mutane suka sauke a wayoyinsu na Android. A ido aikinta ɗaya ne: ka danna, fitilar bayan waya ta kama. Ashe ta bayan fage tana kwasar bayanin inda mai wayar yake da lambar shaidar wayarsa, tana miƙa wa kamfanonin talla. Abin da ya fi ɓata rai shi ne, tun kafin mutum ya danna “na yarda” ko “ban yarda ba”, bayanan sun riga sun tafi.

Masu wayoyin ba su da hanyar sani, domin ba wanda ya isa ya leƙa cikin manhajar sai masu ita. Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato jerin umarnin da ɗan Adam ya rubuta da hannunsa, wanda masani zai iya karantawa ya gane abin da aka sa ta yi. Abin da ke isowa wayarka kuwa an riga an juya shi zuwa harshen na'ura. Idan kamfani ya ɓoye rubutun asalin, sai dai ka ɗauki maganarsa. Idan ya buɗe shi, kowa na iya dubawa. A kan wannan bambanci ake ta fafatawa fiye da shekara 40.

Da farko ma ba maganar sirri ce ta tayar da rigimar ba. Wajen 1980, a ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT, an kawo sabuwar na'urar buga takardu ta kamfanin Xerox wadda takarda ke yawan maƙalewa a cikinta. Richard Stallman, wani marubucin manhaja da ke aiki a ɗakin, ya so ya gyara manhajarta yadda za ta riƙa sanar da mutane in ta cije, kamar yadda aka yi wa tsohuwar. Da ya nemi rubutun asalin sai aka hana shi, saboda wanda ke riƙe da shi ya sa hannu a yarjejeniyar kama baki. Abin ya tsaya masa a rai. A watan Satumbar 1983 ya shelanta aikin GNU na ƙera tsarin tafiyar da kwamfuta wanda rubutunsa ke buɗe ga kowa, a 1985 ya kafa gidauniyar 'yantacciyar manhaja, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Sharaɗin lasisin shi ne, kana da 'yancin amfani da manhaja, ka nazarce ta, ka gyara, ka raba. Amma in ka raba abin da ka gyara, dole kai ma ka buɗe naka. Kalmar Turancin da suka zaɓa, wato “free”, ta daɗe tana rikita mutane, don tana ɗaukar ma'anar kyauta da ta 'yanci a lokaci guda. Mu a Hausa ba mu da wannan ruɗani: 'yanci suke nufi.

Shekarar 1991 ce ta haɗa igiyoyin biyu, wato buɗe manhaja da kare sirri. A watan Agusta wani ɗalibin jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar da aikin da ya zama Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta wanda a yau yake tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, kuma shi ne ginshiƙin Android. Watanni biyu kafin nan, Phil Zimmermann ya saki PGP, manhajar da ke yi wa saƙo ɓad-da-bami ta yadda ba mai iya karanta shi sai wanda ke da mabuɗin. A nan ne, a ganina, tarihin ya fi cancantar a tsaya. A lokacin dokar Amurka tana lissafa irin wannan fasaha cikin kayan yaƙi, fitar da ita waje sai da izini. A 1993 gwamnati ta buɗe binciken laifi a kan Zimmermann, saboda PGP ta bazu zuwa ƙasashen waje. A 1995 maɗaba'ar MIT ta buga rubutun asalin PGP a matsayin littafi, shafi bayan shafi, tunda littafi yana da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ana iya tsallake iyaka da shi. A farkon 1996 aka janye binciken ba tare da an gurfanar da shi ba.

PGP ta tabbatar da wata ƙa'ida da masanin ɓad-da-bami Auguste Kerckhoffs ya shimfiɗa tun 1883, cewa ƙarfin makulli bai kamata ya dogara da ɓoye yadda aka ƙera shi ba. Ko duniya ta san ƙirarsa, muddin mabuɗin na hannunka, ya kamata ya ƙi buɗuwa. Makullin da masana da yawa suka gwada suka kasa ɓallewa ya fi wanda maƙerinsa kaɗai ke rantsuwa da shi.

A 1998 kamfanin Netscape ya buɗe rubutun manhajarsa ta shiga intanet, aka kuma fara amfani da laƙabin buɗaɗɗiyar manhaja don a jawo 'yan kasuwa. Daga wannan zuriya Firefox ta fito a 2004. Amma a daidai wannan zamani wata irin kasuwa ta kafu: a ba ka imel, taswira da dandalin zumunta ba ko sisi, a karɓi bayananka a sayar da talla da su. Jama'a suka rungume ta hannu bibbiyu, kuma ban ga laifinsu ba, don kayan suna da amfani, kuma ba a fito fili an faɗa musu abin da suke biya da shi ba.

Idanu sun buɗe a watan Yunin 2013, lokacin da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar tsaron Amurka ta NSA aiki, ya miƙa wa 'yan jarida takardun da suka nuna girman leƙen asirin da hukumar ke yi a wayoyi da intanet. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da ka iya kai miliyan 87. A shekarar da ta biyo aka ci Facebook tarar dala biliyan 5. A ranar 25 ga Mayun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki.

Ribar da mai waya ya samu daga duk wannan ba ƙarama ba ce, ko da bai taɓa ganin layi ɗaya na rubutun manhaja ba. A watan Afrilun 2016 WhatsApp ta kammala kulle saƙonnin masu amfani da ita daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, kuma da buɗaɗɗen tsarin Signal, wata manhajar aika saƙo, ta yi hakan. Sai dai kulle saƙo bai ɓoye wa kamfani wanda ka yi magana da shi ba, da lokacin, da yawan maganar. A wannan shekarar wata kotu a Amurka ta nemi Signal ta miƙa bayanan wasu lambobi. Abin da ta iya bayarwa biyu ne kacal: ranar da aka buɗe asusun, da ranar ƙarshe da ya haɗu da na'urorinta. Sauran ba ta tara ba, balle a karɓa. Yawancin wayoyin Android kuwa, duk da tushensu a buɗe yake, an ɗora musu rufaffun manhajojin Google, don haka kalmar “buɗaɗɗe” a jikin kaya tana buƙatar a tambayi wane ɓangare ake nufi.

Masu goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja, ni ma ina cikinsu, bai kamata su rufe ido ga rauninta ba. Ba kowane rubutu da aka buɗe ake zama a karanta ba. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke kulle kalmomin sirrin jama'a da ita. Kuskuren ya shafe kusan shekara biyu a fili ba wanda ya lura, domin mutane ƙalilan ne ke ɗawainiyar aikin da ɗan abin da ake ba su gudummawa.

Shekara goma bayan haka aka sake tsallake rijiya da baya. XZ wata 'yar ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowane Linux, kuma mutum ɗaya ne, ɗan sa-kai, ya daɗe yana riƙe da ita har ya gaji. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taya shi aiki har aka amince da shi, sannan ya dasa ɓarauniyar hanyar da za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutoci. A ƙarshen Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Bai ƙyale ba. Ya bi sawu, kuma da yake rubutun a buɗe yake, ya isa har inda aka binne tarkon, ya sanar da duniya kafin gurɓataccen samfurin ya shiga tsayayyun nau'o'in Linux da yawancin mutane ke aiki da su. Har yau ba a bayyana ko wane ne Jia Tan ba.