Kwance sensar oksijin da ta cije a salansar motar daji

Sensar oksijin wata 'yar na'ura ce da ake murɗawa a jikin bututun hayaƙin mota, bakinta yana cikin hayaƙin, wayarta kuma ta nufi ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. Aikinta shi ne auna iskar oksijin da ta rage bayan fetur ya ƙone, domin ƙwaƙwalwar ta san ko ta ƙara mai ko ta rage. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. A motocin daji masu ja da ƙafa huɗu, irin su Toyota Land Cruiser da Jeep Wrangler, fitar da tsohuwar sensa aiki ne da ya yi ƙaurin suna wajen makanikai, saboda takan cije a gurbinta har ta zama kamar an yi mata walda.

Yadda take da inda take zama

Bakin sensar an yi shi da wani irin tangaran mai suna zirkoniya, an shafe shi da platinam. Ba ya fara aiki sai zafinsa ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa sensocin zamani suke da abin ɗumama kansu a ciki, kuma galibi wayoyi huɗu ke fita daga jikinsu. Nau'in da aka fi sani yana ba da wuta tsakanin bolt 0.1 zuwa 0.9, da wannan ne injin ke riƙe haɗin iska da fetur a kusa da kashi 14.7 zuwa 1.

Tun da aka wajabta OBD-II, tsarin da mota ke binciken lafiyar kanta tana ba da lambar kuskure, a Amurka a 1996, mota mai fetur takan zo da aƙalla sensa biyu: ɗaya kafin matatar hayaƙi, wato akwatin da ke rage gubar hayaƙi a jikin salansa, ɗaya bayanta. Injin V6 ko V8, wato mai silinda shida ko takwas, sau da yawa huɗu yake ɗauka. Kusan dukkansu awonsu ɗaya ne, haƙoran murɗi M18, wato kaurin milimita 18, da tazarar milimita 1.5, kan kuma na sifana mai lamba 22. Gurbin da take shiga wani ɗan zobe ne mai haƙora da aka yi wa walda a jikin bututu, ko kuma rami da aka yanka kai tsaye a jikin manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji ya miƙa wa bututu. Wannan gurbi shi ne abin tattali a duk aikin. Sensar da ta mutu ba ta da sauran amfani, ana iya yanka ta, a doke ta, a gasa ta. Haƙoran gurbi kuwa idan suka tafi, aikin rabin sa'a ya koma na sauke salansa.

Abin da ke sa ta cije

Salansa tana zafi tana hucewa kullum, ƙarfen yana buɗewa yana tsukewa, man da aka shafa wa haƙoran tun daga masana'anta kuma ya daɗe da ƙonewa. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, don haka sai ta cike 'yar tazarar da ke tsakanin haƙora ta matse su. Akwai kuma wata matsala ta dabam ga ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake yin jikin sensa da shi: idan aka murɗa shi da ƙarfi a bushe, ɓarɓashinsa yakan yage ya manne a haƙoran gurbi, kowane juyi kuma ƙara dunƙule shi yake yi.

Motar daji tana haɗuwa da duk wannan ninki biyu. Takan faɗa rafi da salansa jajir, ruwan sanyi ya daki ƙarfen nan take. Taɓo yakan shiga bayan farantan kariya na ƙarƙashin mota ya zauna, ya riƙe danshi kwana da kwanaki a daidai gindin sensar. Gishirin bakin teku ko wanda ake watsawa a hanyoyi masu ƙanƙara yana gaggauta cin ƙarfen. Dutse ma yakan bugi sensar ya ɗan karkata ta. Sau da yawa idan aka kankare lakar, sai a tarar kusurwoyi shida na kanta sun zaizaye, sifana 22 tana shiga tana rawa.

Kafin a ɗora sifana

Ya kamata a fara tabbatar da cewa sensar ce ta lalace. Lambar kuskure irin P0135, wadda ke nuni ga abin ɗumama sensar farko, tana iya fitowa daga fiyus da ya ƙone ko waya da reshen itace ya tsinke, abin da ba baƙo ba ne a motar da ke kutsawa cikin daji. Babbar asara ce a yi kokawa da sensa lafiyayya.

Idan fitarwa ta zama dole, a ɗora motar a kan madogara masu ƙarfi, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A cire farantin kariya in ya tare hanya, a wanke lakar, a goge gindin sensar da burushin waya har ƙarfe ya bayyana. A zare soket ɗin wayar tun da farko, in ba haka ba wayar za ta nannaɗe ta tsinke.

Mai, zafi da ƙarfi

Mataki na farko shi ne man fesawa mai ratsa tsatsa. Ana fesawa a bar shi ya kwana, a maimaita. Amfaninsa yana da iyaka, domin a gindin sensar akwai wani zoben ƙarfe da ke toshe hanyar hayaƙi, shi ne kuma ke hana man isa ga haƙoran sosai. Bugun gefen gurbin da ƙaramar guduma, a hankali, yana taimakawa wajen farfasa tsatsar.

Akwai soket na musamman, wato kan sifana mai kama da kofi, mai tsaga a gefe domin waya ta wuce. Yana da kyau ga sensar da ba ta kafe ba, amma ga wadda ta cije yakan zama sanadin ɓarna: tsagar takan buɗe idan aka danna, soket ya zame, ya nike kusurwoyin kan. Wasu makanikai sukan ɗaure bakinsa da maɗaurin tiyo don kada ya buɗe. Abin da ya fi shi ne, tunda sensar ta riga ta mutu, a datse wayar daga tushe, a zura sifana mai zobe ko dogon soket mai kusurwa shida wanda ba shi da tsaga. Mai kusurwa goma sha biyu bai dace ba, a kan tsinin kusurwoyi kawai yake kamawa.

Zafi shi ne maganin da ya fi ci. Hanya mafi sauƙi ita ce a kunna injin na 'yan mintuna har bututun ya ɗumama, a kashe, a gwada da safar hannu mai kauri. In ta ƙi, sai wutar gas. Gurbin ake gasawa, ana zagaya shi da harshen wuta har ya fara yin ja, domin shi ake so ya buɗe ya saki sensar. Wanda ya gasa sensar kanta ya ƙara kumbura ta ne a cikin ramin. Kafin a kunna wuta dole a goge man fesawar domin yana kamawa, a sa farantin ƙarfe a kare tiyon fetur da na birki da wayoyi, a kuma share busasshiyar ciyawar da ke maƙalewa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, abin kashe gobara yana kusa. Na'urar ɗumama ƙarfe da maganaɗisun lantarki tana yin aikin ba tare da harshen wuta ba, ita ta fi aminci kusa da tankin mai. Manifol ɗin zubi yana son a bi shi sannu, zafi mai yawa a wuri guda yana iya tsaga shi.

Lokacin da ta motsa shi ne lokacin da aka fi yin ɓarna. Za a ji ta yi ƙara ta ɗan juya, hannu kuma ya so ya ƙarasa. Idan ta sake yin tauri bayan kwata ko rabin juyi, alama ce haƙoran sun fara cin juna. A tsaya, a mayar da ita ciki kaɗan, a fesa mai idan ƙarfen ya huce, domin yanzu zoben ya ɗaga kuma man zai iya shiga, sannan a sake fitowa. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ta saki. Wannan jeka-ka-dawo yana cin lokaci, amma shi ke ceton gurbi.

Idan kan ya riga ya nike, ana amfani da soket mai haƙoran ciki da ke cizon ƙarfe, ko sifanar masu aikin famfo, ko a fasa saman sensar a yi wa kututturen waldar babban noti. Zafin waldar kansa yakan sassauta ta.

Gyaran gurbi da ɗaura sabuwa

Bayan ta fita a duba haƙoran tsohuwar. In sun fito a shafe, ɓarɓashinsu yana cikin gurbin. Ana bi da abin share haƙora mai awon M18 da 1.5, a shafa masa giris don ya kwaso tarkacen kada ya faɗa wa matatar hayaƙi, a fara murɗa shi da hannu a miƙe. Gurbin da ya lalace gaba ɗaya ana sa masa sabbin haƙora na cusawa, ko a yanke shi a yi waldar sabo.

Yawancin sababbin sensoci suna zuwa da man hana cijewa a haƙoransu. Idan babu, a shafa ɗan kaɗan na nau'in da aka yi domin sensa, a haƙora kawai, kada ya taɓa bakin. Gam ko feshi mai silikon yana kashe sensa, kamar yadda fetur mai dalma yake yi. A murɗa ta da yatsu har ta zauna kafin sifana ta taɓa ta, sannan a ɗaure gwargwadon littafin motar, wanda galibi bai wuce 40 zuwa 50 Nm ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Wayar a mayar da ita cikin maƙalanta na asali, nesa da bututu mai zafi da sandar da ke juya ƙafafun gaba, a goge lambar kuskuren da na'urar bincike, a duba ko hayaƙi yana tsiyaya a gindin sensar bayan injin ya ɗauki zafi.