Rayuwar Ɗalibin Babbar Sakandare

Babbar sakandare ita ce zangon ƙarshe na karatun sakandare, wanda hukumar UNESCO ta ajiye a mataki na 3 cikin tsarinta na rarraba matakan ilimi. Galibin ɗalibanta 'yan shekara 15 zuwa 18 ne. A Najeriya da Sin da Japan shekara uku ake yi, a Amurka kuwa yawanci huɗu.

Ƙararrawa ce ke mulkin yinin ɗalibi: ita ke shigar da shi aji, ita ke sallamarsa. Ɗan jeka-ka-dawo yana fama da hanya safe da yamma, ga aikin gida na malamai, ga aiken iyaye. Ɗan kwana ya huta da zirga-zirga, sai dai an tsara masa lokacin tashi da na nazarin dare da na kashe fitila. A ƙasashe da dama a wannan zango ne ake raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, adabi ko kasuwanci, zaɓin da kan bi yaro har jami'a alhali bai gama sanin kansa ba.

Babban abin da ke juya rayuwar shi ne jarrabawar fita. A ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Turanci akwai WASSCE, wadda hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ke shiryawa. Faransa na da bakaloriya, a Sin kuma miliyoyin ɗalibai ke zama jarrabawar shiga jami'a ta gaokao kowane watan Yuni. Da jarrabawar ta ƙarato sai a koma bitar tsofaffin tambayoyi da darussan bayan tashi, wasanni da hira su ja baya.

Abin da aka fi zalunta a nan shi ne barci. Likitoci na cewa mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare, kuma da balaga jiki kan jinkirta sakin sinadarin melatonin mai jawo barci, don haka matashi ba ya jin barci da wuri ko ya kwanta. Abin takaici, a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka karanta, wato mai kwana a kan littafi yana zubar da wani ɓangare na wahalarsa. Wannan ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada a fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe. Jihar Kalifoniya ta mayar da hakan doka ga manyan sakandarenta na gwamnati a 2019, ta fara aiki a 2022.