Zawon Ɗan Akuya Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Kira Ga Masu Kiwo A Legas

Da damina ta kankama a Legas, daga Afrilu zuwa Yuli, koke ɗaya nake ji daga masu kiwon awaki a Agege da Idi-Araba da Mile 12: akuya ta haihu lafiya, tagwaye ma, amma kafin wata biyu an wayi gari babu ko ɗaya. In ka tambayi me aka ba su, amsar ba ta wuce kafso ɗin nan ja da rawaya da aka farke aka kaɗa a ruwa. To 'yan uwa, abin da ke sa ɗan kwana uku zawo daban yake da na ɗan wata biyu. Shi ya sa kafin maganar magani nake fara tambaya: kwanansa nawa a duniya?

A makon farko, galibin asarar daga rashin dakashi take. Ɗan akuya yana faɗowa ne ba shi da garkuwar jiki, a nonon farkon nan mai kauri yake samunta, kuma hanjinsa ya fi karɓarta a awannin farko. Bayan awa 24, an kusa makara. Don haka kada ki ce ai kin gan shi a ƙarƙashin uwar, Hajiya. Kama hantsar ki ɗan tatsa ki ga nonon na fita, don wani lokaci bakin kan nonon a toshe yake, sannan ki shafa cikinsa ki ji ko ya ɗauka. Cibiya kuma a tsoma ta a ruwan aidin tun ranar haihuwa. Ta nan ƙwayar cuta ke shiga, bayan mako ɗaya ko biyu ka ga gwiwa ta kumbura yana ɗingishi, mai shi yana zargin yara sun taka shi.

Wanda ka tarar a kwance laƙwas, sa yatsa a bakinsa. In da sanyi, a fara ɗumama shi da busasshen tsumma da kwalbar ruwan ɗumi a gefensa. Kada a ɗura masa komai sai ya iya ɗaga kai, in ba haka ba nonon zai wuce cikin huhunsa.

Abin da ke saurin kashe mai zawo kuwa ƙarewar ruwan jiki ne. Tsunkuli fatar wuyansa ka saki; in ta tsaya ba ta koma ba, ido kuma ya faɗa, ruwa ya yi ƙasa. Sayo ƙullin ORS na kemis, a haɗa yadda aka rubuta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tsakanin shan nono, ba a yanke masa nonon ba. Sukarin shayi kam a bar shi, cikin jaririn akuya bai iya narkar da shi ba, ƙara zawon yake yi.

Daga mako uku zuwa wata biyar, wanda na fi zargi shi ne koksidiya, wata ƙwayar cuta da ke cin bangon hanji. Kashin kan yi baƙi-baƙi, wani lokaci da jini ko majina, ɗan akuyan yana yunƙuri, gashi ya tashi, girma ya tsaya. Manyan awaki na ɗauke da ita ba ta dame su ba, suna zubar da ƙwanta a kashi, damshi da ɗumi su nunar da shi, ƙanana su lasa. Ka dubi turkenmu a nan: lungu ne bayan gida kusa da kwata, ƙasa ba ta bushewa, kwanon dusa a ƙasa ana taka shi. Jar akuyar Sakkwato da ta saba da busasshiyar ƙasa ta fi shan wuya a irin wannan wuri fiye da gajerun awakin kudu. Maganinta amfiroliyam ne ko dangin salfa, gwargwadon nauyi, bisa umarnin likitan dabbobi. Amma ni a ganina katako huɗu da za a yi dandamali mai ramuka, kashi na zuba ƙasa, a ɗaga kwanon abinci da na ruwa, ya fi kowane magani arha.

Da sun fara cin ciyawa sai tsutsar ciki. Mafi muni ita ce mai shan jini a tumbi, kuma sau da yawa ba ta sa zawo sam. Janye fatar ido ta ƙasa a cikin haske: ja lafiya, fari-fari jini ya ƙare. Wani har ƙarƙashin haɓarsa ke kumbura da ruwa. A ba wanda ya nuna alama albendazol ko lebamizol daidai nauyinsa, don ba da rabin awo ne ke sa tsutsar ta daina jin magani. Albendazol ba a ba akuya mai ƙaramin ciki.

Akwai kuma zawon da ke zuwa da zazzaɓi, kwantsa ta liƙe ido, majina ta toshe hanci, baki ya yi gyambo yana wari, ga tari, kuma ba ɗaya ke kamuwa ba. Wannan PPR ce, annobar awaki da tumaki da aka fara ganowa a Kodebuwa a 1942. Ba ta da magani, sai riga-kafi, wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ke yi. Ana yi wa ƙanana daga wata uku zuwa huɗu. Mu da ke kusa da kasuwar dabbobi ta Oko-Oba mun fi kowa hatsari, musamman gab da Babbar Sallah. Duk dabbar da aka sauke daga mota a ɗaure ta daban na mako uku kafin ta haɗu da na gida.

Akwai wasu ƙuraje daban, ba na PPR ba, da ke fitowa a leɓen akuya; su suna kama mutum, a sa safar hannu. Leda kuma a tsince ta, in ta taru a tumbi sai tiyata.

A ajiye ma'aunin zafi a gida, ana sa shi ta dubura. Lafiyayyen ɗan akuya yana tsakanin digiri 38.5 zuwa 40. In ya haura haka, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ko numfashi na fita da ƙyar, a ware shi a nemi likitan dabbobi a ranar. Wanda zai je ya riƙe ɗanyen kashinsa a leda mai tsabta don a duba, ya kuma faɗi kwanansa nawa a duniya da duk abin da aka riga aka ba shi.