Waiwaye: Daga Sarkin Samari Zuwa 'Yan Agaji, Masu Riƙon Yara Bayan Tashi Daga Makaranta

Tun kafin boko ya shigo ƙasar Hausa, garuruwa da ƙauyuka suna da tsarin da ke riƙe matasa a lokutan da ba sa gona ko makarantar allo. Akan naɗa sarkin samari tare da muƙarrabansa, waɗanda sukan ɗauki sunayen sarauta irin na fada, kamar Waziri da Galadima da Alƙali, 'yanmata kuma suna da tasu shugabar. Wannan tsari ne ke tattara samari zuwa aikin gayya a gonar wanda ya gaza, ko yaɓen masallaci kafin damina, ko share hanya, kuma shi ne ke shirya kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona. Babu mai karɓar albashi a cikinsu, amma dattawan gari na sa ido, kuma saurayin da ya ƙi fitowa gayya ya san cewa tara ko ƙauracewar tsara na jiransa.

Zuwan Turawa ya kawo wani salo na daban. Robert Baden-Powell ya fara harkar sikawut a Ingila a 1907, ta iso Najeriya a 1915, takwararta ta 'yanmata kuma ta biyo baya a 1919. A Arewa, makarantun gwamnati da na En'e ne suka zama gidan waɗannan ƙungiyoyi, daga baya aka ƙara da ƙungiyar matasa manoma da ta muhawara da ta wasan kwaikwayo. Ginshiƙinsu shi ne malamin da zai gama darasin safe, ya sake fitowa bayan la'asar ya koya wa yara ɗaurin igiya da kafa tanti da taimakon gaggawa, ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. Sai dai wannan gata ya tsaya ne ga 'yan ƙalilan ɗin da suka shiga boko.

Ƙungiyoyin addini ne suka faɗaɗa fagen. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962 ƙarƙashin jagorancin Sardauna Ahmadu Bello, Fityanul Islam ta bayyana a Kano a 1963, Izala kuma a Jos a 1978, kowacce da rundunarta ta 'yan agaji. Sun ari kaki da fareti da muƙamai daga tsarin sikawut da na soja, suka ɗora su a kan ayyukan da jama'a ke gani da idonsu: daidaita sahu ranar Juma'a, ba da hannu a bakin titi ranar Idi, hidimar maniyyata a sansanin alhazai, da ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti. Yaro ɗan shekara 12 da ya tara kuɗin ɗinka kakinsa da kansa, ya goge takalmi, ya tsaya a ƙofar masallaci yana nuna wa dattawa inda za su ajiye babur, ya koyi wani abu game da amana wanda allon aji ba ya koyarwa. A majami'u ma ƙungiyar Boys' Brigade, wadda aka kafa a Glasgow a 1883, ta daɗe tana yin irin wannan aiki.

Darasi mafi girma a wannan tarihi, a ganina, yana Jamhuriyar Nijar. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, a tsakiyar fari da yunwa, ya haramta jam'iyyun siyasa, ya kuma nemi wata hanya ta isa ga talakawa. Sai ya farfaɗo da tsohon tsarin samartaka da sunan Samariya, aka tsara ta tun daga unguwa da ƙauye har zuwa matakin ƙasa. Abin da Samariya ta aikata ba ƙarami ba ne: matasa sun gina azuzuwa da tubalin da suka buga da hannunsu, sun dasa itatuwa, sun share garuruwa, kuma gasannin waƙa da rawa da wasan kwaikwayo na bikin matasa na ƙasa sun fito da masu fasaha da dama daga Damagaram da Maraɗi da Tawa. Yaro ya san inda zai je da yamma, kuma ya san akwai babba da ke jiransa a can.

Amma ƙarfin Samariya shi ne kuma ya zama rauninta. Da yake hukuma ce ta ɗauke ta, sannu a hankali sai aikin sa kai ya rikiɗe ya zama umarni daga sama, ana kiran matasa tarbar manyan baƙi da rera yabon gwamnati. Kountché ya rasu a 1987, aka kafa jam'iyyar gwamnati ɗaya tilo, MNSD, a 1989 a kan irin waɗannan ginshiƙai, sa'annan babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Daga nan mutane da dama suka riƙa kallon Samariya a matsayin kayan tsohuwar gwamnati, matasa suka watse zuwa jam'iyyu da majalisun shan shayi da ake kira fada. Abin takaici shi ne ba a mayar wa unguwanni da abin da aka karɓa daga hannunsu ba.

A Najeriya, lalacewar ta biyo ta wata hanya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da ƙima, matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihun gwamnati na SAP na 1986 kuma ya karya darajar albashin malami. Malamin da a da yake ba da yammacinsa kyauta ya koma neman abin cefane, ƙungiyoyin makarantun gwamnati da yawa suka rage suna kawai. Islamiyyun yamma, waɗanda iyaye ke riƙewa da ɗan kuɗin mako ko na wata, su ne suka ɗauki kaso mafi tsoka na nauyin, tare da kulob-kulob na ƙwallon ƙafa da wani tsohon ɗan wasa ke horarwa don ƙauna, da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa a Kano, waɗanda daga cikinsu masana'antar finafinan Hausa ta tsiro a wajajen 1990.

Yau buƙatar ta fi ta da. Alƙaluman UNICEF da aka daɗe ana ambata sun nuna cewa a shekarun baya yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna yadda shaye-shaye ya ratsa matasa. Masu sa kai ba su ƙare ba, abin da suka fi rasawa shi ne wuri, domin filayen wasa da dama a birane sun zama shaguna da gidaje, harabar makaranta kuma ana garƙame ta da zarar an tashi. Kwamitocin iyaye da malamai da masu unguwanni suna da ikon buɗe wannan ƙofa daga la'asar zuwa magariba, su tantance waɗanda za a damƙa wa yara, maza da mata, su kuma tara kuɗin ƙwallo da alli da fitila daga aljihun mazauna unguwar.